Aden Abdulle Osman, shugaban Somaliya da ya sha kaye ya miƙa mulki

Duk matafiyin da ya sauka birnin Mogadishu ta jirgin sama, sunan da zai fara cin karo da shi shi ne Aden Adde, wanda aka raɗa wa babban filin jiragen saman ƙasar Somaliya. A wajen ƙasar kuwa, ƙalilan ne suka san mai sunan, duk da cewa shi ne shugaban Somaliya na farko, kuma ya yi abin da ba a saba gani ba a Afirka ta zamaninsa.

A ranar 10 ga watan Yunin 1967, majalisar dokokin Somaliya ta kaɗa ƙuri'ar zaɓen shugaban ƙasa. Aden Abdulle Osman, wanda ya shekara bakwai a kan karagar mulki, ya tashi da ƙuri'a 50, abokin takararsa Abdirashid Ali Shermarke kuma ya samu 73. Aden ya amince da sakamakon, da wa'adinsa ya cika ya miƙa ragamar mulki, ya koma gida.

Wannan ne ya sa masana tarihi ke yawan ambatonsa a matsayin shugaban ƙasa na farko a Afirka bayan mulkin mallaka da ya faɗi zaɓe ya kuma sauka cikin lumana. Labarin bai yi amo ba a lokacin. A wannan rana ce aka kawo ƙarshen yaƙin kwana shida tsakanin Isra'ila da ƙasashen Larabawa, Najeriya kuma tana dab da faɗawa yaƙin basasa, saboda haka hankalin duniya yana wani wuri dabam.

Maraya daga Beledweyne

An haifi Aden Abdulle Osman a shekarar 1908 a yankin Beledweyne, wani gari da ke gaɓar kogin Shabelle a tsakiyar Somaliya. Aden shi ne yadda Somaliyawa ke furta sunan Adamu. Adde kuwa laƙabi ne da ke nufin fari, wanda akan yi wa mutum mai hasken fata.

A shekarar da aka haife shi ne Italiya ta tattara yankunan kudancin Somaliya da ke hannunta ta mai da su ƙasar mallaka guda. Arewa tana hannun Birtaniya, Jibuti tana hannun Faransa, yankin Ogaden yana ƙarƙashin Habasha, sauran Somaliyawa kuma suna arewa maso gabashin Kenya. Al'umma ce mai harshe ɗaya da addini ɗaya, amma an raba ta gida biyar. Wannan rabuwa ita ce ta zame wa Aden babbar matsala a duk tsawon rayuwarsa ta siyasa.

Ya rasa iyayensa tun yana ƙarami, ya tashi cikin talauci. Italiyawa ba su damu da ilmantar da 'yan ƙasa ba, don haka mafi yawan abin da ya sani da kansa ya nema. Ya yi aikatau a wurin Italiyawa, inda ya laƙanci harshensu. Daga 1929 zuwa 1941 ya yi aiki a ƙarƙashin gwamnatin mulkin mallaka, a asibiti da kuma a ofis. Zamani ne na mulkin Mussolini, lokacin da ake tilasta wa manoma aiki a gandayen ayaba na Turawa da ke bakin kogin Shabelle, musamman a yankin Janale.

A 1941, ana tsakiyar yaƙin duniya na biyu, sojojin Birtaniya suka fatattaki Italiyawa daga Somaliya. Aden ya bar aikin gwamnati ya kama kasuwanci a Beledweyne.

Shigarsa siyasa

A watan Mayun 1943 wasu samari goma sha uku suka kafa wata ƙungiyar matasa a Mogadishu, wadda daga baya, a 1947, ta rikiɗe ta zama jam'iyyar SYL. Burinta shi ne haɗe yankunan Somaliyawa a ƙarƙashin tuta guda, da yaɗa ilimin zamani, da kuma yaƙi da ƙabilanci. Har ma 'ya'yanta sukan ƙi faɗin dangin da suka fito idan an tambaye su. Aden ya shiga ƙungiyar a 1944, ya zama sakataren reshenta na Beledweyne.

Bayan yaƙi, jam'iyyar ta yi adawa mai tsanani da komawar Italiya. Duk da haka, a ƙarshen 1949 Majalisar Ɗinkin Duniya ta yanke shawarar damƙa wa Italiya riƙon amanar kudancin Somaliya na tsawon shekara goma, bisa sharaɗin ta shirya ƙasar domin samun 'yancin kai. Riƙon ya fara aiki a watan Afrilun 1950.

A nan ne halin Aden ya fara bayyana. Yayin da wasu jagororin jam'iyyar ke ganin babu abin da ya dace da Italiyawa sai fito-na-fito, shi yana cikin masu ganin cewa tun da an riga an tsai da ranar 'yanci, abin da ya kamata shi ne a yi amfani da shekarun goma wajen koyon aikin gwamnati. Ya shiga majalisar ba da shawara ta yankin, ya zama mataimakin shugabanta, sa'an nan ya shugabanci jam'iyyar SYL daga 1954 zuwa 1956.

A zaɓen 1956 jam'iyyar ta lashe kujeru 43 daga cikin 60 da aka ware wa Somaliyawa. Abdullahi Issa ya zama firayim minista, aka kuma zaɓi Aden shugaban majalisar dokoki. A wannan kujera ya yi suna wajen haƙuri, da sauraron kowane ɓangare, da kuma tsayawa kan ƙa'idar majalisa.

Haɗewar ƙasa biyu

Yankin arewa ya samu 'yanci daga Birtaniya a ranar 26 ga watan Yunin 1960. Bayan kwana biyar, ranar 1 ga watan Yuli, kudu ma ta samu nata, yankunan biyu suka haɗe suka zama Jamhuriyar Somaliya. Majalisar haɗin gwiwa mai kujeru 123, wato 90 daga kudu da 33 daga arewa, ta zaɓi Aden shugaban ƙasa na wucin gadi. Shi kuma ya naɗa Abdirashid Ali Shermarke firayim minista.

Tsarin mulkin ƙasar irin na majalisa ne. 'Yan majalisa ne ke zaɓen shugaban ƙasa na wa'adin shekara shida. Shi ke naɗa firayim minista, amma harkokin gwamnati na yau da kullum suna hannun firayim ministan, wanda dole ne ya samu amincewar majalisa. A daidai lokacin da shugabannin Afirka da dama ke sauya irin wannan tsari domin tattara iko a hannunsu da kafa mulkin jam'iyya ɗaya, Aden bai nemi a ƙara masa iko ba.

An yi haɗewar cikin gaggawa, kuma ba a daɗe ba aka fara ganin ɓaraka. Kudu tana aiki da Italiyanci, arewa da Ingilishi. Dokoki dabam, tsarin albashi dabam, tsarin haraji dabam. Harshen Somaliyanci, wanda kowa ke ji, ba shi da tsayayyen rubutu a hukumance, domin an kasa daidaitawa tsakanin masu son haruffan Larabci, da masu son na boko, da masu son wani rubutu na gida da ake kira Osmaniya. Har Aden ya bar mulki ba a warware wannan taƙaddama ba. Sai a 1972 gwamnatin soja ta zaɓi haruffan boko.

Mutanen arewa kuma sun lura cewa babban birni, da shugaban ƙasa, da firayim minista, da kwamandan soja duk na kudu ne. Jagoransu Mohamed Ibrahim Egal, wanda ya yi firayim minista a arewa kafin haɗewar, muƙamin minista ya samu, kuma a 1962 ya yi murabus. A ƙuri'ar raba gardama da aka yi kan tsarin mulki a watan Yunin 1961, kimanin kashi 90 cikin ɗari na masu zaɓe a faɗin ƙasar sun amince, amma a arewa da yawa sun ƙaurace, kuma mafi yawan waɗanda suka fito sun ƙi amincewa.

A watan Yulin wannan shekara majalisa ta zaɓi Aden a cikakken wa'adi, inda ya doke Sheikh Ali Jimale da ratar ƙuri'a uku kacal. A watan Disamba kuma wasu ƙananan hafsoshin soja 'yan arewa, waɗanda suka samu horo a Birtaniya, suka yi yunƙurin juyin mulki a Hargeisa da nufin raba yankin da kudu. Yunƙurin bai yi nasara ba, aka gurfanar da su gaban kotu. Alƙalin, wanda Baturen Birtaniya ne, ya sallame su bisa hujjar cewa ba su taɓa yin rantsuwar biyayya ga sabuwar jamhuriyar ba. Gwamnati ba ta ji daɗin hukuncin ba, amma ta bi shi, aka saki hafsoshin. A ƙasashe da dama na wancan zamani, irin wannan laifi ƙarshensa harbi ne.

Tauraro mai tsini biyar

A tsakiyar tutar Somaliya akwai farin tauraro mai tsini biyar, kowane tsini yana wakiltar ɗaya daga cikin yankunan Somaliyawa. Biyu sun haɗe, saura uku. Babu ɗan siyasar da zai yi tasiri a Somaliya ta wancan lokaci ba tare da ya goyi bayan haɗo sauran ba, kuma Aden ma ya yi imani da wannan buri.

A 1962 Birtaniya ta tura wani kwamiti na mutum biyu, wani lauya ɗan Najeriya da wani janar ɗan Kanada, domin jin ra'ayin mazauna arewa maso gabashin Kenya. Kwamitin ya gano cewa akasarin Somaliyawan yankin suna son haɗewa da Somaliya. Amma a watan Maris na 1963 Birtaniya ta ba da sanarwar cewa yankin zai ci gaba da zama cikin Kenya. Somaliya ta katse hulɗar jakadanci da Birtaniya, sa'an nan tawaye ya ɓarke a yankin, wanda aka shafe shekara huɗu ana fama da shi.

A watan Mayun 1963, wurin taron kafa Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka ta OAU a Addis Ababa, Aden ya tsaya a gaban Sarki Haile Selassie ya zargi Habasha da riƙe ƙasar Somaliyawa ba da yardarsu ba, ya kuma nemi a ba su damar zaɓa wa kansu makoma. Firayim ministan Habasha Aklilu Habte-Wold ya mai da martani mai zafi. Sauran shugabannin ba su goyi bayan Somaliya ba, domin kusan kowannensu yana da irin wannan matsala a kan iyakarsa. A farkon 1964 aka gwabza faɗa tsakanin sojojin ƙasashen biyu a kan iyaka, har sai da Sudan ta shiga tsakani aka tsagaita wuta. A watan Yulin shekarar, taron OAU na Alƙahira ya zartar da ƙudurin mutunta iyakokin da aka gada daga Turawa, Somaliya ta ce ba ta yarda ba.

Wannan manufa ta mai da Somaliya saniyar ware a Afirka, ta kuma haifar da wani abin da ya fi haka haɗari. Domin ƙarfafa rundunar soja, gwamnati ta ƙi tayin ƙasashen yamma a 1963, ta karɓi na Tarayyar Sobiyet, wanda ya kai kimanin dala miliyan 30. Rundunar ta bunƙasa fiye da ƙarfin tattalin arzikin ƙasar, wanda ya dogara kan dabbobi da ayaba da taimakon ƙasashen waje. A 1965, bayan rasuwar kwamandanta na farko Janar Daud Abdulle Hirsi, aka naɗa Mohamed Siad Barre a madadinsa.

Jajayen ambulan

A zaɓen 'yan majalisa na watan Maris 1964 jam'iyyar SYL ta samu kujeru 69 daga cikin 123. Mutane da yawa sun zaci Shermarke zai ci gaba da riƙe muƙaminsa, amma sai Aden ya zaɓi Abdirizak Haji Hussein, wanda yake ganin zai fi iya tunkarar cin hanci da son kai da suka fara yi wa aikin gwamnati katutu.

Magoya bayan Shermarke a majalisa suka ƙi amincewa da sabuwar gwamnatin. Aden bai rushe majalisa ba, bai kuma janye ba. Ya sake miƙa sunan Hussein, aka yi ta tattaunawa na tsawon watanni, har majalisa ta amince a watan Satumba.

Hussein ya rage yawan ministoci, ya buƙaci su bayyana kadarorinsu, ya kuma sallami ɗimbin manyan ma'aikata da aka samu da rashin ƙwarewa ko almundahana. Takardun sallamar a cikin jan ambulan ake aika su, har jama'a suka riƙa kiran gwamnatin da sunan jan ambulan. Sai dai kowane ma'aikaci da aka kora yana da dangi, kowane dangi kuma yana da ɗan majalisa. Gyaran ya tara wa firayim ministan maƙiya, ya kuma tara wa shugaban da ya naɗa shi.

Ranar da ya sha kaye

Shermarke bai manta da abin da aka yi masa ba. Ya ƙulla ƙawance da Egal, wanda ya kawo masa ƙuri'un 'yan majalisar arewa, ya kuma jawo waɗanda gyaran Hussein ya ɓata wa rai. Da wa'adin Aden ya zo ƙarshe a 1967, mutanen biyu, waɗanda 'yan jam'iyya ɗaya ne, suka tsaya takara.

An kaɗa ƙuri'ar a asirce, kuma sai da aka kai zagaye na uku kafin a samu wanda ya yi nasara. Farfesa Abdi Ismail Samatar, wanda ya yi nazarin kundin da Aden ke rubuta al'amuransa na yau da kullum, ya nuna cewa shugaban ya ƙi yin amfani da dukiyar gwamnati ko alkawarin muƙamai domin sayen ƙuri'un 'yan majalisa, alhali irin wannan ciniki ya riga ya zama ruwan dare a siyasar ƙasar.

Akwai masu cewa bai kamata a zuzuta abin da ya faru ba, tun da 'yan majalisa ne suka yi zaɓen ba talakawa ba, kuma mulki bai bar hannun jam'iyyar SYL ba. Wannan gaskiya ne. Amma idan aka dubi abin da ke faruwa a nahiyar a wancan lokaci, za a fi gane nauyinsa. An kashe Sylvanus Olympio na Togo a 1963. A watan Janairun 1966 an kashe Abubakar Tafawa Ɓalewa da Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello a Najeriya, wata guda bayan haka sojoji suka hamɓarar da Kwame Nkrumah a Ghana. A Saliyo, watanni uku kafin zaɓen Mogadishu, 'yan adawa sun ci zaɓe amma sojoji suka hana Siaka Stevens kama aiki. Sai a 1991 aka ga shugabannin ƙasa irin su Aristides Pereira na Cape Verde, da Mathieu Kerekou na Benin, da Kenneth Kaunda na Zambiya sun faɗi zaɓe sun sauka. A Najeriya kuwa sai a 2015 aka ga haka.

Bayan saukarsa

Dimokuraɗiyyar da ya bari shekara biyu kawai ta ƙara. A zaɓen watan Maris 1969 jam'iyyu fiye da sittin suka tsai da 'yan takara kusan dubu domin neman kujeru 123, akasarin jam'iyyun kuma na dangi ne. An yi zargin maguɗi da sayen ƙuri'a. Da majalisa ta zauna, kusan dukkan 'yan adawa suka sauya sheƙa zuwa ɓangaren gwamnati domin neman muƙami, aka bar Abdirizak Haji Hussein shi kaɗai.

A ranar 15 ga watan Oktoban 1969 wani ɗan sanda ya harbe Shugaba Shermarke a garin Las Anod. Bayan kwana shida Janar Siad Barre ya ƙwace mulki, ya soke tsarin mulki, ya haramta jam'iyyu. Jama'a da dama, waɗanda suka gaji da halin 'yan siyasa, sun yi maraba da sojojin. Aden yana cikin tsofaffin shugabannin da aka tsare a garin Afgoye, inda ya shafe fiye da shekara uku ba tare da an yi masa shari'a ba. Da aka sake shi a 1973, ya koma gonarsa da ke Janale, yankin da a da Italiyawa ke sa mutane aikin tilas, ya ci gaba da noma.

Daga can ya ga yadda burin tauraro mai tsini biyar ya kai ƙasar ga yaƙin Ogaden na 1977 zuwa 1978, inda Somaliya ta sha kashi, da yadda jiragen gwamnati suka yi wa Hargeisa ruwan bama-bamai a 1988. A watan Mayun 1990, yana da shekara 81, ya shiga sahun dattawa 114 da suka sa hannu kan wata buɗaɗɗiyar wasiƙa ga Siad Barre, suna neman a kira taron sulhu na ƙasa, a kafa gwamnatin riƙon ƙwarya kafin a yi zaɓe. Amsar da gwamnati ta bayar ita ce kame da yawa daga cikinsu, har da shi kansa, ko da yake ba a daɗe ba aka sake su.

Bayan wata takwas Siad Barre ya tsere daga Mogadishu, ƙasar ta faɗa hannun madugan yaƙi. A watan Mayun 1991 yankin arewa ya ayyana ɓallewa da sunan Somaliland, abin da ya nuna cewa ƙorafin da aka fara ji tun 1961 ba a taɓa magance shi ba. Aden yana cikin dattawan da suka halarci tarurrukan sulhu na Jibuti a wannan shekara, amma masu riƙe da bindiga ba su saurare su ba.

Ya rasu a wani asibiti a birnin Nairobi ranar 8 ga watan Yunin 2007, yana da shekara 98, a lokacin da sojojin Habasha ke cikin Mogadishu suna mara wa gwamnatin wucin gadi baya. Gwamnatin ta ayyana zaman makoki na kwana 21, ta kuma sa wa filin jiragen saman birnin sunansa.

Saboda matsalar tsaro, a harabar wannan filin jirgi ne 'yan majalisar Somaliya suka taru suka zaɓi shugaban ƙasa a 2017. Shugaba mai ci Hassan Sheikh Mohamud ya sha kaye a hannun Mohamed Abdullahi Farmajo, ya kuma amince. A 2022, bayan jinkirin fiye da shekara guda da musayar wuta a titunan Mogadishu kan yunƙurin tsawaita wa'adi, aka sake taruwa a wannan wuri. Farmajo ya faɗi, ya miƙa wa Hassan Sheikh mulki.